Takarda a Gindin Bindiga

A shagon Gion Derungs da ke Ilanz,
kusa da gadar da kogi ke gunaguni a ƙarƙashinta,
na tuɓe safar hannu na ajiye kan kanta,
na ce a sauko mini da ta uku daga hagu.

Ya ce faran ɗari uku da hamsin.
Na ce ba a cinikin biri a sama.
Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya miƙo ta.

Ta fi nauyin da na zata.
Katakon ya yi duhu kamar burodin da aka manta a tanda,
gindin duk tabo ne,
inda takalman soja masu ƙusa suka sha bugunta
suna kakkaɓe ƙanƙara da asuba.
Wannan bai dame ni ba.
Abin tsoro tsaga ce siririya a bayan kunama,
mai ɓuya a ƙarƙashin mai,
sai ranar harbi ta buɗe baki.
Na bi wurin da farce, sau biyu.
Babu.

Na zare sakata, na ɗaga bututun wajen taga.
Kawu Flurin ya koya mini tun ina 'yar sha huɗu:
Ursina, kada ki ji ta bakin mai sayarwa,
leƙa maƙogwaron abin sayarwar.
Na leƙa.
Layuka huɗu suna murɗawa zuwa ga haske,
kaifinsu bai mutu ba,
babu ramin tsatsa ko na ƙwayar gishiri.
Na ɗora kan harsashi a bakinta, ya ƙi nutsewa.
Wani ya yi shekaru yana shafa mata maiko
kamar mai jinyar uwa.

Lambar jiki da ta sakata ɗaya ce.
Ta gidan harsashi daban,
baƙo ne da ya shigo bayan an raba gado.
Na ce a rage talatin.
Ya ja tsaki, ya sosa gemu, ya ce na sallama.

Saura abu guda.
Na ari sukundireba, na kwance ƙarfen gindi,
noti biyu masu taurin kai.
Sai ga 'yar takarda, ta yi launin shayi,
da rubutun hannu mai jingina gaba:
Caviezel Tumasch, 1919, Vrin.

Gion ya gyara tabarau.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, shi ke kawo wa uwata cuku duk kaka.
Ya yi damina da hunturu yana gadi a kan dutse,
yana jiran yaƙin da bai hauro ba.
Ban san tasa ce ba.
Wani yaro ya kawo ta a naɗe cikin labule,
tare da agogon bango da ba ya tafiya.

Ya ce, bar mini takardar, ki tafi da bindigar.
Na ce inda ta kwana shekara tamanin nan za ta kwana.
Ya ce to talatin ɗina.
Na ƙirga masa har da talatin ɗin,
na mayar da Tumasch ɗakinsa, na ɗaure noti.

Ran Asabar, a filin harbi, mita ɗari uku,
hazo bai gama tashi daga ciyawa ba.
Ta doki kafaɗata dukan da ba na raini ba.
Na farko ya faɗa hagu da baƙin, kamar yatsa biyu.
Na biyu ya bi shi. Na uku ma.
Mai kula da fili ya zo da 'yar guduma,
ya ce bari in matsa miki saitin.
Na ce bari tukuna.
Wataƙila haka idon mutumin yake gani,
ina so in ɗan jima a nan.